Sharhi: Ƙarin da ke ɓuya a saman hanci da doguwar tafiyar neman maganinsa

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗaya daga cikin wuraren da aiki ya tsaya cak shi ne babban asibitin kansa na birnin. An buɗe shi tun 1967, yana kuma cikin na farko-farko a Afirka da suka mallaki na'urar gashin ciwon daji. Marasa lafiya suka kwarara zuwa Wad Madani, inda Jami'ar Jazira ke da tata cibiyar kansa. A watan Disambar wannan shekara dakarun RSF suka shiga Wad Madani, nan ma aka watse. Sojojin gwamnati sun sake karɓe garin a Janairun 2025, suka karɓe tsakiyar Khartum a watan Maris, amma wanda aka katse wa magani a tsakiyar hanya ba ya iya jiran shekara guda.

Cikin waɗanda wannan rufewa ta fi cutarwa akwai masu wata cuta da ba a cika jin sunanta ba, wato kansar bayan hanci. Sudan na cikin ƙasashen Afirka da likitoci suka daɗe suna ganinta, har a jikin yara da matasa, kuma babban maganinta shi ne gashi da na'ura. Hausawan Jazira da Sinnar da Mai Wurno da Damazin, kamar sauran maƙwabtansu, waɗannan asibitoci biyu ne madogararsu.

Halin Sudan ya fi tsanani, amma matsalar ba baƙuwa ba ce ga Bahaushen Marwa ko Injamena ko Damagaram ko Tamale. Abu biyu ne ke yanke hukunci a kan mai ƙari a saman hanci. Na farko, tsawon lokacin da aka ɗauka kafin wani ya leƙa can cikin hancinsa. Na biyu, ko zai iya zama kusa da na'ura mako bakwai ba tare da katsewa ba. Gwamnatoci da masu ba da tallafi sun fi maganar na biyun, domin na'ura ce ake yanke wa kyalle a ɗauki hoto. Na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma a nan ne aka fi asarar rayuka.

Inda cutar ke ɓuya

Abin da muke gani a fuska ƙofar hanci ce kawai. Daga ciki akwai kogo mai zurfi da ya miƙe baya har ya haɗu da saman maƙogwaro. Rufin wannan kogo wani siririn ƙashi ne mai ƙananan huji kamar rariya, ta nan ne jijiyoyin jin ƙamshi ke ratsawa zuwa ƙwaƙwalwa. A dama da hagunsa idanu ne, ƙashin da ya raba su da hanci kuwa bai fi kaurin takarda ba. A bayan kogon akwai wani ɗan ɗaki da ake kira bayan hanci, inda wasu hanyoyin iska guda biyu daga kunnuwa ke buɗewa.

Hausawa na cewa abin da ya taɓa hanci, ido kan yi ruwa. A wannan cuta maganar ta zama zahiri. Ƙarin da ya tsiro a can sama yana da fili da zai girma a ɓoye tsawon watanni ba tare da zafi ba. Idan ya tura gefe, ido ne zai fito ko gani ya rabu biyu. Idan ya toshe hanyar kunne, mutum zai ji kunnensa ɗaya ya dode kamar ruwa ya shiga. Idan ya ci rufin, ya isa ƙwaƙwalwa. Shi ya sa da yawa kan fara da zuwa wurin likitan ido, ko su yi ta ɗiga maganin kunne, alhali tushen abin yana hanci. Fitilar hannu da ma'aikacin ƙaramin asibiti ke haskawa ba ta wuce ƙofar kogon.

Ba kowane tsiro ne kansa ba

Yana da kyau mai karatu ya san cewa yawancin toshewar hanci ba kansa ba ce. Akwai tsiron nama mai laushi, mai kama da 'ya'yan inabi, da ke fitowa a hanci biyu ga masu daɗaɗɗiyar mura ko asma. Wannan yakan lafa da maganin feshi, wani lokaci a cire shi da ƙaramar tiyata. Akwai wani tsiron da ke fitowa gefe ɗaya, mai taurin kai, wanda ke dawowa idan ba a cire shi da saiwarsa ba, kuma ƙaramin kaso daga cikinsa kan rikiɗa ya zama kansa.

Akwai ƙarin da kusan samari kawai yake kamawa, tsakanin shekarun balaga zuwa ashirin da 'yan kai. Ba kansa ba ne, amma cike yake da jijiyoyin jini. Yaro zai riƙa haɓo mai yawa a kai a kai, hancinsa ɗaya a toshe. Wannan shi ne ƙarin da ba a yarda a taɓa shi a ɗakin duba marasa lafiya ba, domin jinin da zai ɓalle na iya kashewa. Sai a babban ɗakin tiyata, da jini a ajiye. Haka nan jaririn da aka ga wani ƙulli a cikin hancinsa, ta yiwu wani sashe ne na rigar ƙwaƙwalwa ya sauko ta hujin ƙashi, don haka ba a jan sa kafin a ɗauki hoto.

Wasu cututtukan kuma ƙwayoyi ne ke kawo su, suna kwaikwayon kansa. Tun shekarun 1960 likitoci a Sudan suka bayyana wata funfuna da ke yin dunƙule a ramukan ƙashin fuska har ta turo ido waje. Irin funfunar da ke lalata gyaɗa da masara a rumbu ce, kuma ana maganinta da tiyata da ƙwayoyi na tsawon watanni. Wata funfunar mai saurin kisa tana kama masu ciwon suga da ba a kula da shi ba, ita ce ta kama fiye da mutum 40,000 a Indiya a 2021 lokacin annobar korona. Akwai kuma wata cutar bakteriya da aka sani tun 1870, wadda ke sa cikin hanci ya yi tauri ya tsuke, ana samunta a Masar da wasu sassan Afirka, tana kuma jin magani idan an daure an sha na dogon lokaci.

A wajen yara ƙanana, majina mai wari daga hanci ɗaya kusan kullum alama ce ta cewa sun cusa wani abu, kamar ƙwayar wake ko dutsen ado. Idan ƙaramin batir ne mai kama da maɓalli, a garzaya asibiti nan take, domin yana ƙona nama cikin 'yan sa'o'i.

Duk waɗannan suna farawa da alamomi iri ɗaya, kuma maganin kowanne daban ne. Babu mai iya bambance su da ido daga waje, komai daɗewarsa a aiki.

Wa kansar ke kamawa

Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu kansar bayan hanci kimanin 120,000 a duniya, fiye da 70,000 kuma suka mutu. Ta fi yawa a kudancin Sin da kudu maso gabashin Asiya, sai Arewacin Afirka, wato Tunisiya da Aljeriya da Maroko. Tana kama maza ninki biyu zuwa uku fiye da mata. A Arewacin Afirka da Sudan tana da zango biyu: matasa 'yan shekara goma sha, sannan manya masu shekara arba'in zuwa sittin.

Tana da alaƙa mai ƙarfi da ƙwayar bairos ta Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 a jikin naman wani ƙarin yara da aka kai Landan daga Uganda. Fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna ɗauke da wannan ƙwaya tun yarinta, ta hanyar yawu, kuma mafi yawansu ba ta yi musu komai har su mutu. Sai ta haɗu da gado da irin abinci da shan taba sannan haɗarin ke ƙaruwa. Abincin da aka tabbatar shi ne kifin gishiri irin na kudancin Sin, musamman idan an saba ba yara tun suna ƙanana. Ita kansar kanta ba a ɗaukarta daga majinyaci, don haka babu dalilin ware masa kwano ko ƙaurace masa.

Kansar rufin hanci da ramukan da ke tsakanin idanu kuwa tana da wani sanadi da ya shafi sana'o'inmu kai tsaye. Tun 1995 hukumar ta Lyon ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, daga baya kuma ta ƙara ƙurar fata irin ta masana'antun takalma. A Faransa, kafintan da ya kamu da wannan kansa doka ta amince cutar aiki ce, ana biyansa diyya. Cutar kan bayyana ne bayan shekara ashirin zuwa arba'in da fara shaƙar ƙurar. Duk wanda ya san kasuwannin katako na Kumasi ko Yawunde, ko rumfunan dukawa da masu gyaran takalma a zangunanmu, ya san yara nawa ke fara wannan aiki tun suna ƙanana ba tare da takunkumi ba. Takunkumi mai kyau, da rumfa mai iska, da yayyafa ruwa kafin shara, kariya ce ta gaske.

Akwai kuma wata kansa da ke tasowa daga jijiyoyin jin ƙamshi su kansu, wadda likitocin Faransa suka fara bayyanawa a 1924. Ba ta kai mutum ɗaya cikin miliyan a shekara ba, kuma daina jin ƙamshi na cikin alamominta na farko.

Inda lokaci ke salwanta

A yankinmu toshewar hanci da haɓo abubuwa ne na yau da kullum. Da hunturu a ce ƙura ce, da bazara a ce zafi ne, da damina a ce sanyi ne. Mutum ya sayi maganin mura a kemis ko wurin mai tallar magani, ya ji sauƙi kwana biyu, abin ya dawo. Maganin ɗigawa mai buɗe hanci, idan aka wuce mako guda ana amfani da shi, shi kansa yana ƙara toshewar, sai a ƙara ruɗewa.

Kalmar da ya kamata kowa ya riƙe ita ce gefe ɗaya. Mura hanci biyu take kamawa, kuma tana tafiya. Hanci ɗaya da ya toshe fiye da mako uku ko huɗu, majina mai jirwayen jini daga gefe guda, kunne ɗaya da ya dode a jikin babban mutum ba tare da dalili ba, ido ɗaya da ke zubar hawaye ko ya fara fitowa, gani biyu-biyu, sagewar kunci, ciwon kai da ya ƙi jin magani, duk suna buƙatar likitan kunne da hanci da maƙogwaro. A asibitocin ƙasashe masu Faransanci ORL ake rubutawa a ƙofarsa.

Alamar da ta fi kai masu kansar bayan hanci asibiti ita ce kaluluwa a saman wuya, ƙarƙashin kunne, mai tauri, marar zafi, mai girma a hankali. Rashin zafin ne ke sa a yi sakaci. A nan ma akwai tarko biyu. A gida, ana kai mutum wurin wanzami a yi sakiya ko ƙaho, wurin ya zama gyambo, ƙarin da ke can ciki kuma yana ci gaba. A asibiti, da yake tarin fuka na kumbura kaluluwar wuya kuma ya fi yawa a yankinmu, sai a ɗora mutum a kan maganin wata shida ba tare da gwaji ya tabbatar ba. Wanda ya sha maganin tarin fuka makonni kaluluwarsa na ƙara girma, ya koma ya nemi a duba bayan hancinsa. Wata shidan nan na iya zama bambanci tsakanin cutar da ake warkarwa da wadda ta bazu zuwa ƙashi ko huhu ko hanta.

Yadda ake ganewa

Matakin farko siririn bututu ne mai fitila da kyamara, kaurinsa kamar milimita 4. Ana fesa maganin kashe zafi a hanci, a zura shi, cikin 'yan mintuna likita ya ga rufin hanci da bayansa a allo. Majinyaci a zaune yake, ba a sa shi barci, ya tashi ya tafi gida. Farashin wannan kayan aiki ɗan ƙaramin kaso ne na farashin na'urar gashi, wadda ke cin miliyoyin daloli tare da gininta.

Mataki na biyu hoto ne. Sikana tana nuna yadda ƙarin ya ci ƙashi, hoton maganaɗisu kuma, wanda ake kira IRM ko MRI, yana nuna ko ya taɓa ido ko jijiya ko ƙwaƙwalwa. Ga ƙarin da ke rufin hanci, hoto ne ke gaba kafin a taɓa nama.

Mataki na uku shi ne a gutsuro ɗan nama daga ƙarin a kai wa likitan binciken nama ya duba a madubin ƙara girma. Mutane da yawa na tsoron wannan, suna cewa taɓa daji da ƙarfe na sa ya bazu. Ɗan naman da ake ɗauka ta cikin hanci ba ya baza cuta, kuma idan babu shi babu likitan da zai iya fara magani, domin funfuna da tarin fuka da kansa iri-iri duk kamanninsu ɗaya ne a hoto. Abin da likitocin wannan fanni ba sa so shi ne a tsaga wuya a ciro kaluluwa kafin a leƙa hanci. Idan ana buƙatar gwada kaluluwar, da siririyar allura ake zuƙo ta.

A nan ne sarƙar ta fi tsinkewa. Likitocin binciken nama kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Nama ya bar Diffa ko Marwa zuwa babban birni, a jira makonni, wani lokaci a ce sai an ƙara wani gwajin da ba a yi a ƙasar.

A Hong Kong, inda cutar ta yi yawa, an gwada neman alamar ƙwayar Epstein-Barr a jinin maza 20,174 masu lafiya. Sakamakon da aka fitar a 2017 ya nuna an gano mutum 34 masu kansar, 24 daga cikinsu tana matakan farko-farko. Babu mai cewa ƙasashenmu su yi wa kowa wannan gwaji, domin cutar ba ta kai yawan haka ba a nan. Darasin shi ne, idan aka kama ta da wuri, fiye da mutum 90 cikin 100 na rayuwa bayan shekara biyar a cibiyoyi masu kayan aiki. Wannan kansa ce da ake warkewa daga gare ta.

Mako bakwai ba fashi

Bayan hanci wuri ne da wuƙa ba ta isa da sauƙi, amma kansar da ke can tana jin gashi sosai. Ana yin gashin sau 33 zuwa 35, kullum sau ɗaya, kwana biyar a mako, kimanin mako bakwai. Kowane zama 'yan mintuna ne, kuma ba wuta ake sa wa mutum ba, wani haske ne da ido ba ya gani. Idan cutar ta yi nisa ana haɗawa da ƙarin ruwan maganin kansa, galibi sisfilatin, wani lokaci a fara da zagaye biyu ko uku na maganin kafin gashin. Kansar rufin hanci kuwa tiyata ce a gaba, ta cikin hanci da kyamara ko a buɗe tare da likitan ƙwaƙwalwa, sannan gashi ya biyo baya.

Daga mako na uku baki da maƙogwaro kan yi miki, yawu ya ƙafe, abinci ya daina daɗi, mutum ya rame. A daidai nan ne wasu ke cewa magani ya fi cutar wahala, su tattara su koma gida, musamman da yake kaluluwar ta riga ta sace. Ƙwayoyin kansar da suka rage kuwa suna ƙara saurin hayayyafa idan aka tsaya, don haka kowace rana da aka yi fashi tana rage damar warkewa. Sababbin na'urori masu sarrafa hasken suna kauce wa gaɓoɓin da ke samar da yawu da jijiyoyin ido. Tsofaffin na'urorin kobal suna aiki, amma ƙarfinsu na raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni, sai an sauya musu sinadari.

Taswirar na'urori da iyakoki

A Fabrairun 2022, a gefen taron Tarayyar Afirka a Addis Ababa, hukumar makamashin nukiliya ta duniya ta ƙaddamar da shirin samar da na'urorin gashi ga ƙasashe marasa ƙarfi. A lokacin fiye da ƙasashen Afirka 20 ba su da ko guda. Nijar da Chadi da Benin na cikin ƙasashe bakwai na farko da aka fara da su. Nijar ta buɗe cibiyarta ta farko a Yamai a 2021, abin da ya rage dogaro da fita waje. Amma daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, daga Diffa kuwa fiye da 1,300.

Shekara da shekaru majinyatan arewacin Kamaru Duwala ko Yawunde suke nufa, mota zuwa Ngaundere, sannan jirgin ƙasa na dare. A Ghana manyan cibiyoyin gwamnati biyu suna Korle Bu a Akara da Komfo Anokye a Kumasi. A arewacin Najeriya akwai na'urori a Zariya da Sakkwato da Gombe da Abuja, akwai kuma cibiyar kula da kunne ta ƙasa a Kaduna mai horar da likitoci da ma'aikatan jinya na wannan fanni. Ga mutumin Maraɗi ko Birnin Ƙonni, Sakkwato da Zariya sun fi masa kusa ko sauƙin zama, ga 'yan uwa, ga harshe ɗaya.

Wannan hanya ce siyasa ke iya toshewa dare ɗaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyakar Najeriya da Nijar, aka yanke wutar lantarki, magunguna suka yi ƙaranci. Sai a Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, iyakar ta buɗe a watan Maris. Ta Benin ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangaren Nijar. A Janairun 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar. Ɗan kasuwa na iya jiran wata bakwai ko ya bi ta daji da kayansa. Mai ƙari a bayan hanci, wata bakwai na iya kai shi daga matakin da ake warkewa zuwa wanda sai dai rage raɗaɗi.

Ko iyaka a buɗe take, takardu kan zama wata iyakar. Sakamakon da aka rubuta da Faransanci a Garwa ya isa hannun likitan da Turanci kawai yake karantawa, ko na Larabci daga Sudan ya isa Injamena, sai a ce a sake komai daga farko, da sabon kuɗi da sabon jira.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Na'urar gashi a kowace jiha ba abu ne na kusa ba. Amma bututun kyamara ɗaya da ma'aikaci ɗaya da aka horar a kowane babban asibitin yanki, a Tawa da Damagaram da Marwa da Abeche da Tamale, abu ne da kasafin ma'aikatar lafiya zai iya ɗauka. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja tun 2001 cewa za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kaɗan ne suka cika. Ko a cikin abin da ake warewa yanzu, ana iya kafa ƙa'ida mai sauƙi ga ƙananan asibitoci: babban mutum mai kaluluwar wuya ko toshewar hanci ɗaya da ta wuce wata guda, a tura shi gaba kafin a sake rubuta masa magani. Ana iya tsara motar da ke ɗaukar nama zuwa ɗakin bincike a rana tsayayya, sakamako ya dawo ta waya. Ƙasashen da suka raba gari a siyasa kuma babu abin da zai hana su amince da takardar wucewa ta majinyaci da mai jinyarsa, wadda za ta yi aiki ko an rufe iyaka.

Al'ummominmu ma suna da nasu rabon. Babban abin da ke sa mutum ya katse gashi shi ne rashin masauki da abinci a garin da ba nasa ba. Sarakunan Hausawa da na zango da ƙungiyoyin 'yan kasuwa a Duwala da Kumasi da Yamai da Zariya sun saba saukar baƙi tun zamanin fatauci. Ɗaki biyu kusa da asibiti da aka keɓe wa masu jinya mai tsawo zai sa mutane da dama su kammala maganinsu.

Iyalin da za su yi wannan tafiya kuwa su shirya zaman wata biyu zuwa uku, da mai jinya tsayayye. Su tafi da hotunan sikana su kansu, ba takardar bayani kaɗai ba. Su karɓi sakamakon binciken nama, su kuma nemi a ba su ɗan dunƙulen kakin da aka adana naman a ciki, domin da shi wani asibiti zai iya sake dubawa ba tare da an sake yanka ba. Su kira cibiyar kafin su tashi su tabbatar na'urar na aiki. A ga likitan haƙori kafin a fara gashi, domin cire haƙori bayan gashi na iya hana ƙashin muƙamuƙi warkewa. Idan haɗiya ta yi wuya, kunun gyaɗa da madara da ƙwai da fura mai ruwa-ruwa, kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana, su ne ke riƙe mutum har ya kai zama na ƙarshe. Bayan an gama, a riƙa komawa dubawa duk bayan 'yan watanni, musamman a shekara biyu zuwa uku na farko, lokacin da cutar ta fi yiwuwar dawowa.